Kafin ka sayi dashe don tare zaizayar ƙasa

Duba abin da ke cin gonar tukuna, ruwa ko iska, domin kowanne da maganinsa. Da yawa suna kwaso darbejiya su jera a bakin kwazazzabo, ruwan Agusta ya zo ya tafi da su har da ƙasar gindinsu.

Inda ruwa ke gudu, ciyawa ce gaba da itace. Jema ta fi gamba riƙo, saiwarta kan nutsa mita 2 zuwa 3. A raba tushe, kowane dashe kara 2 ko 3, a datse ganyen ya rage santimita 20, a jera a gicciyen gangare da tazarar santimita 10 zuwa 15. In aka bar giɓi, ruwa zai taru ya bi ta nan ya haƙa sabon rami. Gamba ta fi araha, ga zana, ga abincin dabbobi, sai dai tana tsiro tsibi-tsibi, ruwa na ratsa tsakani.

A jigawar Daura, Zango da Mai'aduwa kuwa iska ce ke kwashe rairayi. Nan aguwa ta dace: a yanko reshe kamar rabin mita, a kafa ƙarshen rani kafin ruwan farko, don jiƙaƙƙiyar ƙasa na ruɓar da shi. Awaki ba su cika damunta ba. Bayanta sai layin darbejiya, tazarar mita 4, a gefen gabas da arewa. Itacen turare na saurin girma, amma shan ruwansa ya sa ba mu son sa kusa da shuka.

Cikin gona, gawo. Yana zubar da ganye da damina, gero na yin kyau a ƙarƙashinsa, amma yana da jinkiri. Mita 10 tsakani ya isa. A fako, daƙwara ko bagaruwa cikin ramin rabin wata (rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwan sama), kuma daƙwara na fara ba da ƙaro bayan shekara 4 ko 5. In akwai kututturen sabara ko kalgo da ke tohowa, sassabe shi a bar rassa 2 ko 3, ko kwabo ba za ka kashe ba.

Wajen saye, ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwa ta naɗe ko ta fasa leda, dashen ya kwana biyu, bar shi. A dasa a Yuli bayan ruwa ya zauna, kuma a ware kuɗin shingen ƙaya tun farko, domin dabbobin sake da rani sun fi fari kashe dashe.