Hayar sabar Remote Desktop: lissafi ya zauna, firinta ce ta sha mana kai

Tunda 'yan uwa a Agege da Alaba Rago suna ta tambayata ko wannan Remote Desktop da muka koma amfani da shi a shagon Alhaji na Mile 12 yana da amfani, bari kawai in rubuta abin da na gani kowa ya karanta. Wani kamfani ne a Ikeja ya ba mu hayar sabar mai Windows Server, wato wata kwamfuta da muke shiga daga nesa ta intanet, wannan shigar ita ce Remote Desktop, manhajar lissafinmu tana can ciki, ni ina shiga daga nan Legas, ɗan Alhaji yana shiga daga Dawanau a Kano, littafi ɗaya muke kallo, in an loda wake ko busasshen barkono a mota kafin direba ya wuce Zariya na riga na ga adadin buhunan. Ta wannan ɓangaren gaskiya ba ni da ƙorafi. Ko an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, in ka dawo aikinka na nan inda ka bar shi, don ba a kwamfutarka yake ba.

Amma firinta, kai jama'a. Kamfanin sun haɗa mana komai sun tafi ba wanda ya gwada buga ko takarda ɗaya, kwastoma na tsaye yana jiran rasit, ka danna Print ka ga firintar da ke gabanka a kan tebur babu ita a jerin kwata-kwata. Dalilin shi ne sabar ba ta san firintarka ba, sai manhajar da kake shiga da ita ta miƙa mata ita lokacin da kake shiga. To wannan miƙawar a wurare da yawa take iya tsinkewa. Na farko a kwamfutarka ne, kafin ka danna Connect ka buɗe Show Options, ka je Local Resources, ka tabbata akwai alama a kan Printers. Namu akwai alamar amma duk da haka shiru, ashe a can sabar ne aka kunna wata doka a Group Policy, wurin da ake saita dokokin Windows, mai suna Do not allow client printer redirection, wato an toshe hanyar gaba ɗaya. Injiniyansu ya kashe ta, ya buga gpupdate /force, na fita da Sign out na sake shiga, sai ga firintata ta HP ta fito da redirected 2 a gaban sunanta. A lura, Sign out na ce, don in ka danna X kawai zamanka na nan a buɗe a sabar.

Wannan lambar ta gaban suna ita ma ta ba mu aiki. Lambar zamanka ce a sabar, yau ta zama 2 gobe in ɗan Alhaji ya riga ni shiga ta zama 3, ita kuma manhajar lissafi ta haddace tsohon sunan, sai ta ce ba ta ga firinta ba alhali ga ta nan. Maganinsa mu dai shi ne mu sa manhajar ta riƙa bin default printer, wato firintar da Windows ke ɗauka in ba ka zaɓi wata ba, maimakon suna, sannan aka kunna Redirect only the default client printer don kar sabar ta kwaso duk tarkacen firintocin da aka taɓa sa wa laftof ɗin tun zamanin da.

Inda na fi daɗewa ina fama shi ne ƙaramar firintar rasit, irin mai takardar naɗi ta milimita 80. Windows na da abin da ake kira Easy Print tun Server 2008, aikinsa sabar ta maida takardar zuwa wani irin fayil da ake kira XPS ta turo maka, direban firinta da ke kwamfutarka, wato 'yar manhajar da ke sarrafa firintar, ya buga, ba sai an sa direba a sabar ba. Da babbar firinta ta A4 lafiya lau yake aiki. Da 'yar rasit kuwa rubutu ya fito ƙanana kamar tururuwa, takarda ta yi ta zuba ba ta yankewa, ga naɗin takarda yanzu ba arha ba. Sai da aka sa direbanta a sabar, iri ɗaya sak da na kwamfutata don in sunan direban ya bambanta ko da harafi ɗaya ba za su haɗu ba, sannan aka kashe Use Remote Desktop Easy Print printer driver first don sabar ta fara neman ainihin direban. Ni ba ni da izinin admin, kuma tun bayan matsalar tsaron nan ta PrintNightmare a 2021 an ƙara matse maganar sa direban firinta, dole sai kamfanin. A nan ne raina ya ɓaci da kamfanin, ka tura saƙo a WhatsApp da safe su ce "oga muna dubawa", sai la'asar, kasuwar Mile 12 kuma da sassafe take ci, la'asar ai an watse.

Wani lokacin kuma komai daidai ne amma takarda ta maƙale a layi, musamman in netwok ya yanke ana tsakiyar turawa. Wannan ka shiga services.msc ka tsayar da Print Spooler, mai kula da layin takardun da za a buga, ka share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, ka sake tayar da shi. A kwamfutata ni nake yi da kaina, na sabar sai an kira su, su duba har da Remote Desktop Services UserMode Port Redirector, don in wannan ya tsaya ba firintar da za ta fito wa kowa.

Saurin bugawa kuma ya danganta da netwok ɗinka ne, takarda mai tambarin shago da hoto tana da nauyi, ranar da sabis ya yi rauni sai ka ji firinta shiru kamar ba a aiko komai ba. Irin ranar nan ba na jira, Microsoft Print to PDF nake zaɓa a sabar, in kwafo fayil ɗin zuwa kwamfutata in buga daga nan, wallahi ya fi sauri.

Mun sabunta hayar dai, don Alhaji ya ji daɗin ganin lissafin Kano da na Legas wuri ɗaya, ni ma ba zan koma turo hoton littafi a waya ba. In kana son ɗauka, ka sa su zo shagonka su buga rasit da takardar kaya da firintarka ta gaske kafin ka biya, ka fita ka sake shiga a gabansu a sake bugawa, kuma ka tambaye su wa ke ɗaga waya da ƙarfe bakwai na safe.