Firiza, firjin gilashi ko kula: wanne ya dace da gidan abinci a lokacin zafi?

Daga tsakiyar Maris har faɗuwar ruwan farko, zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, cikin kicin mai rufin kwano kuwa abin ya wuce haka. Mai shigowa cin shinkafa da wake, kafin ya zauna ma tambayarsa ita ce ko akwai mai sanyi. Kunun ayan da aka tace da hantsi, in bai samu sanyi ba, kafin la'asar ya yi tsami gorar ta kumbura. Shi ya sa iyalan da ke da gidan abinci suka fi sayen na'urar sanyaya kaya a wannan tsakanin, kuma a nan ne ake yawan sayen abin da bai dace ba.

Aikin sanyi a gidan abinci iri biyu ne. Akwai ajiya: nama, kaji da kifi, waɗanda ke son sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, kuma ba sa son a riƙa buɗe musu murfi. Akwai kuma sayarwa: zoɓo, kunun aya, lamurje, fura da nono da ruwan leda, waɗanda digiri 3 zuwa 5 ya ishe su, amma ana buɗe musu sau ɗari a wuni. In aka haɗa su a firiza ɗaya, naman zai riƙa narkewa yana sake daskarewa, abin shan kuma ya ɗauki ƙarnin kifi. Duk zaɓin da za ku yi, daga raba waɗannan biyun zai fara.

Abu na biyu shi ne awa nawa kuke samun wuta. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta kasa masu amfani da lantarki rukuni biyar: Band A an yi musu alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilun 2024 kuɗin yunit ɗaya a Band A ya haura naira 200. Kada ku tsaya ga abin da ke rubuce a takardar bil. Ku ɗauki mako biyu kuna rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, musamman da dare, don da dare ne firiza ke yin ainihin aikinta.

Firiza mai murfi a sama

Ita ce ginshiƙi. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, saboda haka in an ɗaga murfi sanyin yana nan kwance a ƙasa, ba ya zubowa kamar na firji mai ƙofa a gefe. Mai lita 200 tana jan wat 100 zuwa 150 lokacin da take aiki, a tsananin zafi kuma takan ci yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a rana. Ga gidan da ke sauke tukunya biyu ko uku a wuni, lita 200 zuwa 300 ta wadatar. Babba da ba a cika ta ba asarar wuta ce, kuma ta fi saurin hucewa in an ɗauke.

Kafin ku tambayi kuɗi, ku zagaya bayanta ku karanta 'yar takardar da aka manna. Akwai harafin da ke nuna zafin da aka ƙera ta ta jure: N yana tsayawa a digiri 32, ST a 38, T kuma a 43. Don bazarar Arewa, T ake nema. Nan ne matsalar 'yan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai take, da yawansu N ne. Kwamfuresarsu, wato injin da ke samar da sanyin, za ta yi ta gudu ba hutu a watan Afrilu, sanyin bai kai ba, wutar kuma ta tafi. Ghana ta hana shigo da tsofaffin firji tun 2013 saboda cin wutarsu. Wanda aljihunsa bai kai sabuwa ba, ya sa mai shago ya kunna masa ita ta yi awa guda a gabansa, ya ga raɓa ta kama bangon ciki ko'ina. In gefe ɗaya kawai ya kama, gas ya yi ƙasa, kuma gas ba ya raguwa sai in akwai inda yake zurarewa.

A takardar nan dai akwai nauyin abin da take iya daskarwa cikin awa 24. Ga mai lita 200 yakan kasance kilo goma da 'yan kai ne kacal. Mutane kan raina wannan lambar, su loda ruwan leda jaka biyar da safe suna jiran ƙanƙara da azahar. Jaka ɗaya guda 20 ce, wato lita 10, jaka biyar lita 50 ke nan. Sauko da lita 50 daga digiri 35 zuwa 5 kaɗai yana cin kusan awa goma sha biyu na aiki ba tsayawa, daskarar da su kuwa sai an kwashe kwanaki. Lodi da daddare ake yi, bayan an tashi, kuma zoɓon da aka dafa a bar shi ya huce sosai kafin ya shiga.

Gwajin robar bakin murfi ba ya cin ko sisi: a sa takarda a rufe a kanta, a ja. In ta zame ba tirjiya, sanyi zai riƙa fita ta nan.

Firjin gilashi

Amfaninsa talla ne, ido ya ga gorar zoɓo ja wur da raɓa a jikinta, hannu ya shiga aljihu. Amma gilashi ba ya riƙe sanyi, fankarsa da fitilarsa na ƙara cin wuta, in aka ɗauke kuma cikin awa uku ko huɗu komai ya huce. Ya dace da mai wutar awa 16 zuwa sama. Wanda kamfanonin lemo ke bayarwa aro kuwa, yawanci da sharaɗin kayansu kaɗai za a sa, don haka kunun ayanku ba shi da gurbi a ciki.

Kula da ƙanƙara

Ga mafi yawan ƙananan gidajen abinci, wannan ne abokin firiza na gaskiya. Firiza na baya a rufe tana riƙe nama tana daskarar da gororin ruwa, kula na gaba ana buɗewa yadda aka ga dama. Lissafin yana da sauƙi: kilo ɗaya na ƙanƙara yana sanyaya kusan lita biyu da rabi na abin sha daga zafin ɗaki, in aka cire asarar buɗewa da rufewa a ce lita biyu. Jakar ruwan leda guda na son kilo huɗu zuwa biyar. In abin shan ya kwana a sanyi tun farko, ƙasa da rabin haka ya isa ya riƙe shi wuni guda.

Wajen saye, a duba kaurin bango da murfi, a ƙwanƙwasa. Wasu murafen roba ce kawai da iska a ciki, ba soso. A nemi mai mafitar ruwa a ƙasa. Dunƙulen ƙanƙara ya fi farfasasshiya daɗewa. Ƙanƙarar da ake saya a hanya kuma, ba wanda ya san da wane ruwa aka yi ta, kuma sanyi ba ya kashe ƙwayoyin amai da gudawa. Ta tsaya a wajen gora, kada a jefa ta cikin bokitin zoɓo. In za ku daskarar da naku gororin, ku bar sarari kamar yatsa biyu a wuya, domin ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari in ya daskare.

Abin da zai riƙe firizar: janareta ko sola

Kwamfuresa a lokacin tashi tana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar na abin da take ci tana tafiya. Shi ya sa ƙaramin janaretan nan mai haɗin fetur da baƙin mai yake shaƙewa da zarar an jona masa firiza, in ma ya tashe ta to yana cin ranta ne a hankali. Mai 2.5kVA yana ɗaukar firiza ɗaya ko biyu da fankoki, yana shan kusan lita guda a awa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, awa shida a kullum kuɗi ne da sai an zauna an lissafa shi a kan ribar zoɓon.

Firizar sola mai aiki kai tsaye da batir, ko mai kwamfuresar inbata wadda ke tashi a hankali, ta fi tsada ranar saye amma ba ta neman mai. Inda ake faɗawa rami shi ne batir. Mai ruwa na 200Ah a kan bolt 12 yana ɗauke da yunit 2.4, amma rabi kawai ake so a zuƙa, in ana ƙarar da shi kullum ba zai daɗe ba. Na litiyam ana iya cin kashi 80 nasa. Dabarar da ke rage girman batir ita ce a cika ƙasan firizar da gororin ruwa, a sa ta yi aiki da ƙarfi da rana lokacin da farantan ke cike da haske, ƙanƙarar ta riƙe dare. A riƙa goge farantan duk kwana biyu ko uku, ƙurar rani tana rage musu ƙarfi sosai.

Tumatir da tattasai da alayyafo ba sa buƙatar cin wurin nama. Tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da jiƙaƙƙen buhu a sama, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000, tana riƙe su kwanaki a busasshiyar iskar rani. Da damina ta sauka aikinta ya ragu, kuma ba ta nama ko nono ba ce.

Ranar da aka kawo firiza, a bar ta a tsaye awa huɗu zuwa shida kafin a kunna, in an kwantar da ita a mota kuwa a bar ta ta kwana, don man kwamfuresa ya koma mazauninsa. A ba ta tazarar tafin hannu daga bango, nesa da murhu da rana. In gefenta ya yi zafi ba lalacewa ba ce, ta nan take fitar da zafi, kada a lulluɓe shi da buhu. A haɗa mata sitabilaiza mai jinkirin minti uku zuwa biyar, saboda ɗaukewa da dawowar wuta nan take da kuma raunin wuta su ne suka fi ƙona kwamfuresa. In ƙanƙara ta yi kaurin yatsa a bango, a kashe a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki. Kada yaron shago ya kusance ta da wuƙa: bututun gas na nan daf da bangon, huda guda ta isa, kuma gas ɗin R600a da ke cikin yawancin sababbi yana kama wuta.