Garajin da ya auna kataliza kafin ya ce a yanke

Wata uku fitilar inji tana kunne a motata, 'yar rawayar nan ta gaban direba. Motar ta 2008 ce, mai silinda 4, tsohuwar Turai. Tana tafiya, sai dai shan manta ya ƙaru, kuma da safe takan yi rawa kafin ta ɗauki zafi. Garaji biyu na kai ta a nan Damagaram. Duka suka jona kwamfuta, lamba ɗaya ta fito, P0420, maganarsu ma ɗaya: kataliza, gwangwanin nan na jikin bututun hayaƙi mai tace hayaƙin, ta mutu, a yanke ta a haɗa bututu zalla. Na biyun har ya taya tsohuwar tun bai leƙa ƙarƙashin motar ba. Tayin nan ne ya sa na dakata, don na san ba gwangwanin ake nema ba. Cikinta akwai wani abu kamar saƙar zuma da aka shafe da ƙarafa masu tsada, filatinum da faladiyum da rodiyum, su ne ke ƙone dafin hayaƙi kafin ya fita.

Wani abokin aikina ya nuna mini garaji na uku, can wajen Sabon Gari. A kansa nake wannan sharhi.

Maigidan wurin ya ga lambar, bai goge ta ba. Ya ce, "Malam, lambar nan cewa take aikin kataliza ya yi ƙasa. Ba ta faɗi dalili ba. Dalilin za mu nema." Ya bar injin ya yi zafi sosai, don kataliza ba ta aiki da sanyi, sannan ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Sensa biyu ne a jikin bututun hayaƙi, ɗaya kafin kataliza, ɗaya bayanta, dukansu iskar oksijin suke aunawa. Ta gaban, layinta hawa da sauka yake yi da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9, haka kuma ya kamata. Ta bayan kuwa, in kataliza na da lafiya, layinta kusan a miƙe yake tsayawa. Tawa tana kwaikwayon ta gaban, ko da yake ba da ƙarfi ba. Daga nan kwakwalwar mota take yanke cewa kataliza ba ta riƙe oksijin yadda ya dace, sai ta kunna fitila. Ban taɓa samun wanda ya tsaya ya nuna mini wannan da ido ba, kuma ya yi shi cikin Hausar da na gane.

Daga nan suka shiga ƙarƙashi. Yaronsa ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, sai ga huci na fita ta wata 'yar tsaga a mahaɗar bututu, sama kaɗan da sensar baya. Ta irin wannan kafa iskar waje ke shiga ta ruɗa awon. Aka ciro buji huɗu, ɗaya ya yi baƙi ƙirin, bobin ɗinsa kuma, wato abin da ke ba shi wuta, ya tsage. Rawar safe ke nan. Abin da ya fi damun maigidan shi ne wannan, domin silindar da ba ta ƙone manta daidai tana tura ɗanyen mai cikin kataliza, ya ƙone a can, zafin ya narkar da saƙar. Ya tambaye ni ko motar na cin man inji ko tana rage ruwa, na ce a'a. Ya tambayi inda nake shan mai. Na gaya masa gaskiya, wani lokaci na kwalba nake saya a bakin hanya. Ya ce in rage, tunda ba mai sanin abin da aka gauraya a ciki.

Aka kai bututun wajen mai walda, aka sa buji sababbi da bobin ɗaya. Bincike jaka 5, kaya da walda da kuɗin hannu jaka 33.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba, kuma dole in faɗa. Aikin da aka ce yini ɗaya ya ci kwana biyu, don sai da aka nemo bobin a kasuwa, kuma ba wanda ya kira ni, ni na yi ta kira. Wurin zama babu, inuwar ma ta motoci ce. Mai gaggawa zai sha wuya a nan. Rasit ma sai da na roƙa.

Amma bai ɓoye mini komai ba. Ya ce katalizar ta riga ta sha wahala, mai yiwuwa fitilar ta dawo, in kuma ta dawo bayan wannan gyara to sauyi ya zama dole, kada in yarda a cusa wa sensar baya ɗan ƙarfen nan da ke nesanta ta da hayaƙi don kawai fitila ta mutu. Muka fita gwaji tare har Mirriya muka dawo, kwamfutar a cinyarsa, layin sensar baya ya kwanta.

Yau sati shida. Na je Magarya sau biyu, na je Takeita sau ɗaya, fitilar ba ta kunnu ba, rawar safe ta tafi, mai kuma ya koma yadda na san shi. Ƙarshen wata zan mayar masa da ita ya sake duba layin.