Buhun PICS da ɗan waken bayan gida: shekara guda da na gwada

Ruwa ya ɗauke mana a Marwa, arewacin Kamaru, tun farkon Oktoba. Masu karal, wato gonakin laka, sun fita dashen masakwa, ni kuma na shiga ɗan lambun bayan gidanmu a unguwar Domayo ina tuge kubewar da ta ƙosa, ina tsinke zoɓo kafin awakin maƙwabta su riga ni. Filin bai fi taku ashirin ba, amma waken da nake zubawa a jikin katanga yakan ba ni kwano goma zuwa sha biyu. Samun waken bai taɓa ba ni wuya ba. Ajiyarsa ce ke sa ni ciwon kai, domin kafin sanyi ya wuce ƙwari sun huje shi, ka ɗaga buhu ka tarar da gari a gindi, irin shuka ma sai na koma kasuwa.

Bara da kaka na sayi buhun PICS, wato buhun ajiyar wake da hatsi, mai cin kilo 50. Leda biyu ce masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje. Ba a sa masa magani ko kaɗan. Idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar wadda ta rage, daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Abin da ya ba ni dariya, sai daga baya na san cewa a nan arewacin Kamaru aka fara gwada dabarar, wajen ƙarshen shekarun 1980, tsakanin masu binciken noma na Marwa da jami'ar Purdue ta Amurka, kafin a fito da buhun da sunansa a 2007. Wato a gida aka haife shi, ya yi yawon duniya, sannan ya dawo muka saya da kuɗinmu.

Inna ba ta yarda ba. Tana zaune a tabarma tana kallona ina matse iska daga ledar ciki, ina murɗa bakinta, in lanƙwasa in ɗaure, sannan in bi ta biyun, ta ce, “Kai dai ka cika ƙaƙale. Mu da toka da barkono muka raine ku.” Na ce, “Inna, a bar ni in gwada, in ya lalace laifina ne.” Duk da haka sai da ta ɗebi kwano biyu ta cakuɗa da toka a tulu, wai kada a kwana biyu babu alale.

Kafin in zuba na yi abin da aka ce: na shanya waken kwana huɗu, sai da na ciji ƙwaya ta ce ƙas a haƙori. Wannan wurin kada a yi masa gaggawa. Waken da bai bushe ba, in ka kulle shi a leda, fumfuna ka saya wa kanka.

A watan Yuni, da hadari ya fara haɗuwa, na kwance. Waken fes, babu gari, babu warin maganin nan da ke sa mutum tunanin ko ya ci ko ya bari. A gindin ledar na ga 'yan matattun ƙwari, na sheƙe su a faifai. Na shuka, ya tsira ras. Na Inna ma bai lalace ba, gaskiya, sai dai wankin toka ya ci mata rabin safiya.

Inda ban ji daɗi ba shi ne girma. An yi shi ne don mai gona, mai ɗan lambu kuwa wakensa ko rabi ba ya kaiwa, sai ka yi ta fama da leda kafin iska ta fita. Kuma ba ya son buɗe-rufe, don haka na girki daban nake ajiyewa a jarka mai murfi. Sai ɓera. Sati biyu na bar buhun a ƙasa, ya ci na waje ya taɓa leda ɗaya, Allah Ya sa ta cikin ta tsira. Tun ranar na ɗora shi kan katako, nesa da bango.

Wanda wakensa ya kai kwano goma, ina ganin ya saya, ko su haɗa da maƙwabci. Mai kwano biyu ko uku, jarka ta ishe shi. Bana na hura ledojin na duba, na liƙe hujin ɓeran, zan kuma cusa ƙullin irin kubewa da na yakuwa a saman waken kafin in ɗaure. Waken yana kan rufin ɗaki yana shan rana, ni kuma gobe da asuba zan fara kaftun fangalin salak da albasa. Tulun Inna tuni ta wanke shi ta kife.