Google, Microsoft ko Zoho: wanne za ka buɗe wa ma'aikatanka akawun a kai?

Wani abokina mai kemis, reshe ɗaya a Kawo ɗaya a Barnawa, ya kira ni watan jiya hankali a tashe, wai yaron da ya haɗa musu imel ɗin kamfani ya samu aiki a Abuja ya tafi, ashe duk lambar shiga ta admin, wato akawun mai iko da sauran akawun, wayar yaron take zuwa, shi oga kuɗi kawai yake biya. Sati biyu ba a iya buɗe wa sabuwar kashiya akawun ba, wanda aka sallama kuma yana nan yana shiga abinsa. Shi ya sa ni in aka tambaye ni wanne za a saya ba na fara da farashi, ina fara da ranar da ma'aikaci zai ajiye aiki.

Google Workspace shi ne mafi sauƙin hannu gaskiya. Ka shiga shafin admin, ka rubuta suna da adireshin imel, ya ƙirƙiro kalmar sirri, ka sa alamar a tilasta wa mutum ya canza ta a shigar farko, shikenan. In suna da yawa sai ka jera su a fayil ɗin CSV, wato jadawali irin na Excel, ka loda gaba ɗaya. Kuma yaranmu duk sun saba da Gmail a waya, ba sai ka zaunar da kowa kana koya masa ba. Ƙaramin tsarinsu 30GB ne ga kowane mutum. Amma fa ga inda gizo ke saƙar, in ka dakatar da akawun ɗin wanda ya tafi za a ci gaba da cajinka kuɗinsa, sai ka goge shi gaba ɗaya, kuma kafin nan ka tura fayilolinsa na Drive ga wani, kwana 20 ne kawai kake da su in ka yi nadama.

Microsoft 365 kam shafinsu cike yake kamar kasuwar Barci ranar jajibirin sallah, ga admin ga Entra ID, sashen kula da shigar ma'aikata, wanda da ake kira Azure AD kafin su canza suna a 2023, sabon shiga zai ɗan sha wuya. A nan akawun daban lasin daban, shi lasin ɗin ne ake biya wa kuɗi, kana iya buɗe wa mutum akawun ka manta ba ka maƙala masa lasin ba ya dawo yana ce maka oga imel ba ya shigowa. To amma wannan rabuwar ita ce ribarsa, in ma'aikaci ya tafi sai ka mai da akwatin imel ɗinsa na haɗaka, ka cire lasin ka ba sabon da ya zo, tsoffin saƙonnin kwastomomi suna nan ba ko sisi muddin bai wuce 50GB ba. Akawun ɗin da ka goge kuma kwana 30 kake da su ka dawo da shi. A kula dai, ƙaramin tsarinsu Business Basic ba ya ba ka Excel na kan kwamfuta, sai Standard, akantanka zai yi maka ƙorafi.

Zoho na Indiya shi ne na mai lissafin aljihu, mutum 5 kyauta da 5GB kowanne, kuma ana biyansu da naira, wanda ya taɓa fama da kati a biyan dala ya san darajar wannan. Na kyautan a burauza da manhajarsu kawai yake aiki.

Duka ukun sai kana da domen naka, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshin imel, kuma dan Allah a yi rajistarsa da sunan kamfani ba sunan yaron kwamfuta ba. Masu makaranta ku duba tukuna, Google da Microsoft duk suna da tsarin kyauta ga makarantun da suka cika sharuɗɗa.

Abokina dai Microsoft ya koma saboda yawan shiga da fitar ma'aikata a kemis. Mun buɗe admin biyu, ɗaya a wayarsa da manhajar Authenticator mai ba da lambar shiga, ɗaya a hannun ƙaninsa, sabon yaron kwamfutan kuma aka ba shi ikon buɗe akawun da sake kalmar sirri kawai, ya ɗan ɓata rai amma ya karɓa.