Allurar Botox a gefen baki: abin da ta gyara mini da abin da ta bari

Allurar Botox, wadda ke sassauta tsokar fuska na wani lokaci, ta yi aiki, amma ba irin aikin da ake nunawa a hotunan talla ba, inda za ki ga mace ta shiga asibiti fuska a murtuke ta fito kamar wadda aka yi wa albishir. Abin da ta yi mini kaɗan ne. Gefen bakina da ya sunkuya ƙasa ya dawo ya miƙe daidai, bai ɗaga sama ba. Wanda bai san fuskata ba ba zai lura da komai ba. Ni da nake kallonta kullum na lura, kuma tambayar nan ta "lafiya kuwa, wa ya taɓa ki?" ta ragu ƙwarai.

Tambayar ce ma ta kai ni wurin likita. Ina zaune raina fes, sai wata yarinya a wurin aiki ta leƙo ta ce, "Anti, wani abu ya faru ne?" Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ni dai tawa sharri take yi mini. Tun ina budurwa bakina yake da ɗan wannan sunkuyon, irin na mahaifiyata ne sak, amma da na haura shekara 40 abin ya ƙara fitowa fili, har wani layi ya soma sauka daga gefen baki zuwa haɓa.

Na daɗe ina dabarun gida kafin in yarda a soka mini allura a fuska. Na yi atisayen fuska irin wanda ake koyarwa a bidiyo: a rufe leɓe a yi murmushi, a ɗora yatsu a kan kumatu a riƙe, a saki, a sake. Na yi tausa, wato a kama naman da ke ƙasan gefen baki tsakanin babban yatsa da manuni a murza shi a hankali. Tausar tana da daɗi, kuma wurin yakan saki na ɗan lokaci, amma kafin ki gama shiri ki fita ya koma yadda yake. Amfani ɗaya na gaske da na samu shi ne na gano ina ɗaure wurin ba tare da na sani ba, musamman idan na duƙufa a kan waya ko kwamfuta. Wannan ganowar kaɗai ta rage wani abu.

Masu sayar da darussan atisayen suna yawan kafa hujja da wani bincike na Jami'ar Northwestern ta Amurka da aka buga a 2018. Binciken gaskiya ne, sai dai ba sa faɗin sauran labarin. Mata 27 aka ɗauka, 16 ne suka kai ƙarshe, sun yi mako 20 suna atisaye na minti 30, da farko kullum, daga baya ana tsallake rana ɗaya. Abin da aka ga ya canza shi ne cikar kumatu, ba gefen baki ba, kuma ba a ware wasu matan da ba su yi atisayen ba don a kwatanta. Akwai ma atisayen da nake ganin ɓarna yake yi, wanda ake cewa a ja baki ƙasa har jijiyoyin wuya su tashi. Tsokar da take jawo miki matsalar ita kike ƙara wa ƙarfi.

Tef ɗin da ake manna wa fuska a kwana da shi, shatinsa kawai ya bar mini da safe. Kwalliya kuwa ta fi su duka gaskiya, domin ba ta yi alkawarin komai ba. Idan na tsayar da jan baki kafin ya kai ƙarshen leɓen ƙasa, na shafa abin ɓoye tabo mai ɗan haske a inuwar da ke ƙarƙashin gefen bakin, a hoto sai abin ya ɓace. A ido da ido, daga kusa, yana nan.

Likitar fata na je wa, kuma abin da ya fara burge ni shi ne ba ta yi saurin ɗauko allura ba. Ta ba ni madubi ta ce, "Hajiya, taɓe baki, ki nuna mini haƙoranki na ƙasa." Ina yi sai ga wani nama ya tashi a kowane gefe, daga kusurwar baki ya gangara yana faɗi har ƙashin muƙamuƙi. Ta kama shi da yatsa biyu ta ce wannan ita ce tsokar, likitoci na ce mata DAO a taƙaice, kuma aikinta kenan, jan gefen baki ƙasa. A gefen baki akwai wani ƙulli inda tsokoki da dama suka haɗu, wasu daga ƙashin kumatu suna ja sama, ita tana ja ƙasa, kamar masu jan igiya. Idan aka sassauta na ƙasa, na sama su ci. Dabarar allurar ke nan gaba ɗaya.

Sai ta ce in saki fuska, ta tura fatar kumatuna sama da yatsa, layin nan mai sauka zuwa haɓa ya ɓace. Ta saki ya dawo. Ta ce wannan ba laifin tsoka ba ne, fata ce da kitsen kumatu suke gangarowa da shekaru, ga ƙashin muƙamuƙi shi ma yana raguwa, don haka kada in sa rai Botox zai share shi. Har haƙorana ta duba. Ashe wanda ya rasa haƙoran turmi, ko ya daɗe da haƙoran roba da suka cinye, tazarar da ke tsakanin hancinsa da haɓarsa takan ragu, gefen baki ya naɗe, yawu ya riƙa taruwa a ciki har wurin ya tsage. Irin wannan wurin likitan haƙori zai fara, ba wurin mai allura ba. Nawa lafiya lau suke.

Botox guba ce da ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke samarwa, aka tace ta, ake amfani da ɗan mitsitsi. Tana hana saƙon jijiya isa ga tsoka, sai tsokar ta yi sanyi na wani lokaci. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita tun 1989 don harara-garke da ƙiftawar ido da ba a iya tsayarwa, sannan a 2002 don layukan tsakanin gira. Gefen baki ba ya cikin wuraren da aka rubuta a takardar maganin. Likitoci suna yi sosai, amma bisa ƙwarewarsu ne, kuma likitata ta faɗa mini haka da bakinta kafin in sa hannu. Ana ba da yunit 2 zuwa 5 a kowane gefe, alhali tsakanin gira yunit 20 ake sawa. Ni ta fara mini da mafi ƙanƙanta, ta ce ƙari yana da sauƙi, ragi ne ba ya yiwuwa.

Aikin kansa bai kai lokacin da na ɓata wajen cike takarda ba. Ta goge wurin, ta sake sa ni taɓe baki, ta ɗiga alama da farin fensir can ƙasa kusa da ƙashin muƙamuƙi, nesa da leɓe, kuma waje da layin gefen baki. Na yi mamakin nisan, na ce, "Likita, ba nan sama ba ne matsalar?" Ta ce da gangan ne. Kusa da tsakiya akwai wata tsoka mai sauke leɓen ƙasa idan ana magana ko dariya, kuma wani ɓangarenta yana kwance ƙarƙashin wadda ake nema. Idan maganin ya kai gare ta, leɓen ƙasa zai sauka a gefe ɗaya ya ƙi sauka a ɗayan, dariya ta karkace. Allurar siririya ce ƙwarai, suka ɗaya a kowane gefe, zafin bai kai na cire gashin gira ba. Ɗan tudu ya tashi, ya kwanta kafin in isa gida. Ta ce kada in murza wurin, kada in kwanta har awa 4, in bar tausar fuska da motsa jiki mai ƙarfi a ranar.

Kwanakin farko ban ga komai ba, har na fara jin haushin kuɗina. Abin da ya fara sanar da ni maganin ya kama ba madubi ba ne. 'Yata ta kawo mini wani zance da bai gamshe ni ba, na zo in taɓe baki yadda na saba, bakin ya ƙi. Ya ɗan motsa ya tsaya. Ta kwashe da dariya ta ce, "Umma, me kike yi haka?" Ban san yawan maganar da nake yi da wannan tsokar ba sai da aka kwantar da ita. Duk mai son wannan allura ta san za ta rasa taɓe baki na wasu watanni, kuma wani lokaci ana bukatarsa. Wajen kurkure baki ma na ɗan ji wani iri da farko, kamar leɓen bai riƙe ruwa da kyau ba, amma bai daɗe ba ya wuce. Magana, cin abinci da dariya duk ba abin da ya same su.

Maganin yakan fara aiki cikin kwana 3 zuwa 5, ya cika a mako 2, kuma a lokacin ne ta ce in koma. Ta jera hoton da da na yanzu. Gefen hagu ya miƙe sarai, na dama ya ɗan rage, domin dama can ya fi ƙarfi. Ta ƙara ɗan kaɗan a daman, suka daidaita. Layin haɓa yana nan inda yake, sai dai ya ɗan yi laushi tunda an daina jan sa.

Abin da ban ji daɗinsa ba a wurin ba daga likitar ya fito ba. Ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi ta tsare ni da tallan haɗin allura da fila (abin da ake ɗurawa ƙarƙashin fata don cike rami) da zaren ɗaga fuska, tana nuna mini hotunan "kafin" da aka ɗauka a duhu, fuska ba kwalliya, da na "bayan" a cikin haske, mace na ɗan murmushi. Hoton gefen baki da aka ɗauka mutum na murmushi ba ya nuna komai. Wanda zai nuna miki aikinsa, ya nuna fuska a sake, a haske iri ɗaya.

Fila ɗin na ƙi, a yanzu dai. Ita ce maganin layin haɓa, na yarda, domin cike ramin take yi ta tallafi gefen bakin daga ƙasa. Yawanci da sinadarin hayaluronik asid ake yin ta, irin su Restylane da Juvéderm, takan kai wata 6 zuwa 12, kuma tana da makari, wata allura mai suna hayaluronides da ke narkar da ita. Abin da ya tsayar da ni biyu ne. Babbar jijiyar jinin fuska ta nan kusa take wucewa, kuma idan fila ta toshe ta fatar wurin na iya mutuwa. Abin ba ya yawan faruwa, amma alamominsa, zafi mai tsanani da fata ta koɗe ko ta yi dabbare-dabbare, na gaggawa ne, don haka ba a yin fila a inda babu makarin a ajiye. Na biyu, na ga fuskokin da aka cika wa ƙasan baki har haɓar ta yi nauyi, abin da aka je gyarawa ya ƙaru. Tiyata kuwa, wadda ake yanke 'yar fata mai kusurwa uku a saman gefen baki a ɗinke, tana daɗewa, amma tabo take bari a wurin da ido ke fara sauka. Ni da ko hujin kunne sai da ya yi mini tabo mai tudu, ban ma tsaya dogon tunani ba.

Duk wannan magana ce ta bakin da ya sunkuya a hankali, gefe biyu, cikin shekaru. Idan gefe ɗaya ne ya zube rana tsaka, balle da nauyin harshe ko sanyin hannu, wannan na iya zama shanyewar ɓarin jiki ko shanyewar jijiyar fuska, kuma asibiti ake nufa nan take. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon raunin tsoka su ma ba a yi musu allurar.

Maganin yakan kai wata 3 zuwa 4. Nawa bai cika huɗun ba, kuma a hankali ya tafi, ba dare ɗaya ba. Taɓe bakin ne ya fara dawowa, sannan sunkuyon ya biyo baya, ya tsaya daidai inda yake a da, bai ƙaru ba kamar yadda wasu ke tsoratarwa. Zan sake, a hannun likitar nan, kuma zan nemi ta buɗe kwalbar a gabana kamar yadda ta yi a farko, domin akwai jabu a kasuwa. Sai dai ba zan yi ana saura ƙasa da wata ɗaya wani taro da zan shiga hoto ba. Botox ba shi da makari irin na fila, idan leɓe ya karkace sai dai a jira makonni ya warware da kansa.