Layin wuta na musamman don amfilifaya: me ya cancanci kuɗinka a Birnin Kebbi?

Duk wanda ya ajiye amfilifaya mai nauyi a falo ya san wannan takaicin. Kana sauraren karatu ko kiɗa, firiza ta tashi a kicin, sai ka ji ƙas a sifika, ƙwan falo ya ɗan dushe. Shawarar da masu wayarin suka fi bayarwa ita ce a ja wa amfilifayar nata layi kai tsaye daga akwatin rarraba wuta. Shawara ce mai kyau, sai dai matsalar cikin gida kaɗai take gyarawa, kuma a garin nan rabin matsalar daga waje take shigowa.

Saboda haka kafin a sayi ko kamu ɗaya na waya, a fara da awo. Ka sa mai gyara ya auna wutar a akwatin rarrabawa da kuma soket ɗin falo, da rana da kuma bayan magariba, lokacin da kowane gida ya kunna kayansa. A ƙa'ida wutar Najeriya bolt 230 ce. Babban layin Kainji mai kilobolt 330 a nan Birnin Kebbi yake sauka, amma abin da zai iso gidanka a Badariya ko Gesse ko Bayan Kara ya danganta da taransifomar unguwa da yawan gidajen da ke rataye a kanta. In awo ya nuna 170 ko 180 tun daga akwatin, sabon layi zai kawo maka 170 ɗin ne a cikin sabuwar waya. In kuwa akwatin yana nuna 220, amma soket ɗin falo yana faɗuwa duk sa'ad da firiza ko injin jan ruwa ya tashi, to ciwon na cikin gida ne, kuma layi na musamman zai yi aiki.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Wat 5,000 ɗin da aka rubuta da PMPO a gefensa, wato ƙololuwar ƙarfin sauti na ɗan ƙiftawar ido, talla ne kawai. Ka juya bayan na'urar, kusa da inda wayar wuta ke shiga, a nan aka rubuta abin da take ja. Amfilifaya mai wat 100 a kowane ɓangare bisa ma'aunin RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore, ba ta cika wuce amfiya 2 zuwa 3 ba ko an ƙure ta, alhali soket mai baki uku yana ɗaukar amfiya 13, wato kusan wat 3,000. Ke nan ba don wuta ta yi mata kaɗan ake ja mata layi ba, don a raba ta da maƙwabtan da ke fizgar wuta ne: firiza, na'urar sanyaya ɗaki, dutsen guga, injin ruwa.

To wace waya? Zaɓi biyu ne a gabanka. Mai kaurin milimita 2.5 da bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa in nauyi ya yi yawa) mai amfiya 20 ita ce ta yau da kullum, kuma ta ishi yawancin gidaje. A tsawon mita 20, in ana jan amfiya 10, bolt 3 da rabi kacal take zubarwa. Mai milimita 4 za ta zubar da kusan 2. Wannan bambancin kunne ba zai ji shi ba, don haka ban ga dalilin ƙara kuɗi ba sai in falon yana da nisa da akwatin, ko kana da amfilifaya biyu da babbar sifikar bas mai jan tata wutar. Akwai kuma dalili na uku da ya shafe mu musamman: zafi. Wayar da ta bi ta cikin silin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, ranar da inuwa ma ta haura digiri 40, ba ta ɗaukar nauyin da aka rubuta mata. In dole sai ta saman za a bi, ni mai 4 zan ɗauka, a cikin bututunta ita kaɗai.

Abin da ya fi kauri muhimmanci shi ne ko tagulla ce ta gaskiya. Kasuwa cike take da wayar alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a waje. Ka kankare bakinta da wuƙa a gaban mai shago. In fari ya bayyana, ka ajiye masa kayansa. Irin wannan tana ɗaukar zafi, tana sassautawa a bakin sukurori, daga nan ne gobara ke farawa. Kamfanonin gida irin su Coleman, Cutix da Nigerchin sun yi suna, amma su ma ana buga jabunsu, don haka ka duba tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya, ka kuma ɗaga naɗin ka ji nauyinsa.

Bireka ma iri biyu ce da za ka gamu da su. Mai harafin B tana yanke wuta nan take in abin da aka ja ya ninka ƙarfinta sau 3 zuwa 5, mai harafin C sai ya kai sau 5 zuwa 10. Manyan amfilifayoyi masu zagayayyiyar taransifoma a ciki suna fizgar wuta sosai a daƙiƙar da aka kunna su, shi ya sa B kan faɗi ba gaira ba dalili. C ce ta dace. Amma kada wani ya ce maka a sa mai amfiya 32 a kan waya 2.5 don ta daina faɗuwa. Waya bireka take karewa, kuma in ta fi ƙarfin wayar ta tashi daga aiki.

Gurnanin nan ƙasa-ƙasa da ba ya tafiya ko ka rage sauti, sau da yawa ba ruwan kaurin waya da shi. Daga wayar ƙasa yake. Gidaje da dama an ja waya biyu kawai zuwa soket, baki na uku fanko ne. Wasu kuma an kafa sandar ƙarfen da ake haɗa wayar ƙasa da ita, amma ƙasar yashi da ta bushe tun Nuwamba ba ta karɓar wuta yadda ya kamata, sai an zurfafa ko an ƙara sanda ta biyu. Sabon layin ya zo da wayarsa ta uku, kuma talabijin da dikoda da amfilifaya duk su sha daga gare shi, don raba su a layuka daban shi kansa yana haifar da gurnani. In ya ƙi tafiya, zare wayar dish ka saurara. Sau tari ita ce mai laifin. Masu karya baki na uku na fulogi don sauti ya yi tsabta, da rayuwar yaran gidan suke wasa.

Ga wanda awonsa ya nuna wutar tana zuwa a raunane, kuɗin sitabilaiza ya kamata ya fara nema. Mai rilai, wato ƙananan makunnai masu canja mataki da kansu, ta fi araha, amma tsalle take yi daga mataki zuwa mataki, kuma kowane tsalle kana iya jin sa a sifika. Wadda ake kira servo kuwa, mai ƙaramin moto da ke juyawa a cikinta, tana gyara wutar a hankali ba ƙara, tana kuma riƙe ta kusa da 230. Ta fi tsada, ƙurar hunturu tana damun ta, amma ita ce ta kayan sauti. Ko wacce ka zaɓa, ka ɗauki wadda ta ninka buƙatarka, domin in wutar shiga ta yi ƙasa sosai ƙarfinta kan ragu zuwa kusan rabi. Ƙaramar na'urar nan mai yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa, ta jira 'yan mintuna kafin ta mayar, kuɗinta kaɗan ne, kuma ita ke tare mugun bugun da ke zuwa lokacin da aka dawo da wuta. Tsawar damina kuwa, zare fulogi ya fi duk wata na'ura.

Mai sola da inbata ya tabbata inbatar mai fitar da wuta sumul ce irin ta NEPA. Mai araha, wadda wutarta ke fita a kakkarye, tana sa taransifomar amfilifaya kuka da zafi. Ƙaramin janareta da ba shi da abin daidaita wuta, bar shi ga fanka da ƙwai. A kuma ɗauki sabon layin bayan makunnin canja wuta, in ba haka ba ranar da aka ɗauke sai falo ya yi shiru sauran gida na haske.

In amfilifayar ta gwanjo ce, karanta bayanta kafin ka soka. Ta Amurka bolt 120 take so, ta Japan 100, kuma kowaccensu sai da taransifomar rage wuta. Wanda zai yi aikin kuma ka nemi ganin takardar shaidarsa ta hukumar NEMSA mai kula da ingancin aikin wutar lantarki, ka sa ya haɗa da na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin mutum ko na'ura, ya danna maɓallin gwajinta a gabanka kafin ka cika masa kuɗinsa.